Injin da Inna Ta Ba da Aro

Inna tana da alamarta. Duk tasa, duk kwanon sha, duk fanteka da samira da ke ɗakinta, in ka kifa shi za ka ga ɗigon jan farce a gindinsa, biyu a jere, ɗaya a ƙarƙashinsu. A ƙauyenmu, can bayan Talata Mafara, in za a kai amarya ba a barin ɗakinta ya ji kunya. Abin da iyaye suka iya saya su saya, sauran a aro a wurin maƙwabta, a jera har bango ya cika. 'Yan kallo su zo su yaba, in ƙafa ta ɗauke a mayar wa kowa da nasa. Kowa ya san rabin jeren na aro ne, ba kuwa mai buɗe baki ya faɗa.

A unguwarmu Inna ce uwar masu ba da aro. In ta ji ana shirin biki ba a aiko wurinta ba, har fushi take yi, ta ce an raina kayanta. A wurinta hana aro ya fi kowace rowa muni, tunda abin ba cinye shi za a yi ba. Kuma duk shekarun nan ko murfi bai taɓa salwanta ba. Wadda ta fasa kan zo da sabo, tana ba da haƙuri tun daga zaure.

Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi da mu. Mutanen wani wuri da wuya a kama su ta inda aka kama mu.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana. Mai zuciya take ce mini, kuma ba ƙage ta yi ba. Ina noman shinkafa da albasa, ina da babur, ina da baki. Ita kuwa tana da huka, wadda malaman asibiti ke kira asma, ta daɗe da ita tun ina saurayi. Hayaƙin murhu na tayar da ita, amma babban abokin gabanta ƙaiƙayi ne. Da kaka ta yi, mata suka fara sussukar gero, iska ta kwaso ƙaiƙayin nan, sai ka ji ƙirjin Inna na shewa tun daga tsakar gida. Takan zauna ta dafa gwiwoyi, kafaɗu su haye har kunne, leɓɓanta su yi duhu. A da in abin ya yi tsanani mukan ɗora ta a mota zuwa Mafara. Amma a 'yan shekarun nan hanyarmu ba ta biyuwa bayan la'asar, kuma ba sai na gaya wa ɗan Zamfara dalili ba.

Muna da ɗan ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu, jemagu sun fi marasa lafiya yawa a cikinsa. Akwai malama guda da aka turo daga wani gari, mace mai haƙuri, ba ta da abin aiki sai ƙwayar ciwon kai da auduga da fatan alheri. Rannan sai muka ji gwamnati ta fito da shirin gyara ƙananan asibitocin karkara, kuma namu na ciki. Ban yarda ba sai da na ga siminti. Aka kori jemagu, aka sake rufi, aka kafa sola a sama, aka shafe bango da kore da fari. Har duwatsun bakin hanya sai da aka yi musu wanka da farar ƙasa.

Ana gobe za a buɗe, motar ɗan kwangila ta kawo kaya. Gadaje da katifu a cikin ledarsu, firji na allurar rigakafi, ma'aunin jarirai, sai wani akwati mai ƙananan tayoyi, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da tiyo siriri da robar da ake sa wa a hanci. Malama ta zagaye shi tana shafawa, ta ce mini wannan injin iska ne, shi ke ba mutum numfashi in nasa ya gaza. Ta ce Inna ta huta da hanyar Mafara.

Manya suka zo da jiniya, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Wani mai babbar riga ya yi jawabi, ya ce daga yau talaka ya daina mutuwa a hanya. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi, ni ma na yi, da zuciya ɗaya. Aka yanka ƙyalle da almakashi, aka ɗauki hoto, aka watse.

Wajen ƙarshen damina hukar ta tashi, muka kai Inna. Malama ta yi mata allura, ta jona injin, ta sa mata robar. Ina tsaye ina kallo kafaɗunta suka sauko a hankali, shewar ta lafa, leɓɓanta suka dawo daidai. Ni da na saba da gudu a hanya ina zagin ramuka, sai ga shi an gama komai a nan kusa da gida, kaji na kiwo a bakin ƙofa. Da ta samu bakin magana ta dubi injin, ta dube ni.

"Wanga abu ya hi ka hankali," in ji ta. "Shina aikinai, ba shi hwaɗa da kowa."

Ba ita kaɗai ba. Jarirai masu ciwon haƙarƙari sun sha shi, wata mai naƙuda ma da shi aka riƙe ta. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyukan kewaye. Har na fara kare gwamnati a majalisar mai shayi, abin da ban taɓa yi ba.

Wata safiya sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar asibiti. Yaron ɗan kwangila ne ya sauko, ba yaro ba ne a shekaru, magidanci ne mai ƙamshin turare da laushin harshe. Ya sa aka kira mai gari, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya gai da shi da kwana, da gajiya, da iyali, da damina, da jama'a, da haƙurin zama da jama'a, bai bar komai ba. Sannan ya ce wata alfarma ce ta kawo shi. Wani ƙauye ta wajen Bakura za a buɗe musu nasu asibitin, manya sun riga sun sa rana, kayansu kuwa sun maƙale a hanya. Ɗaki wayam, ga baƙi na tafe. Shi ne ya ce bari ya zo wurin 'yan'uwa a ara musu, da an watse taro a dawo da komai.

Aro ya ce. Ya san kalmar da zai faɗa, kuma ya san inda ya faɗe ta.

Malama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce su ɗauki gadaje, su ɗauki ma'auni, amma injin ba ya fita, akwai masu rai a kansa. Ya matsa kusa da ita yana murmushi, ya tuna mata cewa ita ma'aikaciya ce, kuma akwai asibitoci can cikin daji da ke neman malama. Na ji da kunnena. Nan na buɗe murya, na faɗi abin da ya zo bakina, har da wanda bai kamata a faɗa gaban mai gari ba. Mai gari ya shiga tsaka mai wuya. Ba ya son ya ɓata da manya, ba ya kuma son a ce ƙauyensa ya hana maƙwabta aro. Sai ya ce a tambayi wadda ta fi kowa amfani da abin. Ranar kuwa Inna na zaune a benci, ta zo a duba ta.

Ta gyara lulluɓi, ta ce, "Mutane za su yi baƙi, ɗakinsu wayam, mu mu zamna bisa kaya? Ba a taɓa yin haka ga gidanmu ba. Ku ara masu, ni yanzu lahiyata lau." Ta juyo gare ni. "Kai kuma mai zuciya, ruhe muna baki."

Na ce mata, Inna, wannan ba tasa ba ce. Ta ce aro duk aro ne, kuma wanda ya durƙusa ya roƙa gaban jama'a ba ya cin amana. Ta aika gida aka ɗauko mata kwalbar jan farcenta. Ta sa aka karkata injin, ta sunkuya da kyar, ta ɗiga masa alamarta a gindi. Mutumin ya yi dariya, ya ce tsohuwa akwai dabara. Ta ce masa abin da ta sa wa alama bai taɓa ɓacewa ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne da hannunmu muka loda. Mazan ƙauyenmu ne suka ɗaga gadajen. Wani ya kawo tabarma aka shimfiɗa wa injin don kada ya bugu, wani ya ba da igiyar shanunsa aka ɗaure. Da motar ta tashi har da ɗaga hannu, ana Allah ya kiyaye hanya. Sola kaɗai aka bar mana, ita ma don an kafe ta da ƙusa ne.

Taron can ya zo ya wuce, mun ji labarinsa a rediyo. Kaya ba su dawo ba. Na kira lambar da mutumin ya bar wa mai gari, ya ce gobe. Na sake kira, ya ce mota ce ta lalace. Daga nan wayar ta daina shiga. In na yi mita a gida Inna takan ce in yi haƙuri, mai aro kunya yake ji in an matsa masa. Ni kuwa ba kunyarsa nake dubawa ba, gona nake dubawa. Gero ya nuna, an fara yanka, ana ɗaure dammuna. Na san me ke biye da wannan.

Na hau babur na nufi ƙasar Bakura, na wuce Dakko ina tambaya har na sami ƙauyen. Tun daga nesa na gane asibitin, kore da fari irin namu, da duwatsu masu farar ƙasa. Na leƙa ta taga, ba komai a ɗakin sai yagaggiyar ledar katifa. Wani dattijo da ke zaune a gindin bedi, wato dogon yaro, ya amsa sallamata, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Na tambaye shi ina kayan asibiti.

"Injinmu?" in ji shi. "Mun ba da shi aro. Wasu bayin Allah ta wajen Maradun za su yi baƙi, nasu bai iso ba."

Na ce, injinku? Ya ce ƙwarai, gwamnati ta ba su, a gabansa aka yanka ƙyalle. Ya ce har shi ya kama aka loda.

A gindin bedin nan na gane komai. Ba wasu kaya da suka maƙale a hanya. Kaya ɗaya ne, ɗakuna da yawa, ana yawo da su daga wannan buɗewa zuwa waccan. Jeren amarya aka yi mana. Sai dai a jeren amarya ba a yaudarar kowa, amarya ta san nata, ta san na maƙwabta, kuma ba wanda numfashinsa ke rataye a jikin fanteka. Waɗannan sun zauna sun duba mu, sun ga abu mafi kyau da muke da shi, wato ba ma iya hana maƙwabci, suka mai da shi igiyar da za su ja mu da ita. Da a ce da ƙarfi suka zo suka ƙwace, da na fi samun sauƙi a raina. An yi ta yi mana ƙwace a ƙasar nan, mun san kamanninsa. Amma a durƙusa maka, a gaishe ka da iyali, a sa ka ɗaure kayanka da igiyarka kana addu'a, wannan ban san sunansa ba.

Dattijon ya gaya mini sunan ƙauyen da ranar taronsu. Matata ta roƙe ni kada in bi hanyar Maradun, na ce sai na je. Na fita da sassafe, ina tafe ina waige, duk kurmin da na wuce sai na karanta abin da ya sawwaƙa. Na isa na tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, wani mai babbar riga na jawabi. Ba wanda ya zo mana ba ne, amma maganar ita ce, har da talakan da ya daina mutuwa a hanya. Jama'a na ta tafi. Na zagaya ta baya na shiga ɗakin. Ga gadajenmu, ga firji, ga injin an goge shi yana ƙyalli, an ɗaura masa ƙyalle. Na durƙusa na karkata shi. Ɗigo biyu a jere, ɗaya a ƙarƙashi.

Na rungume shi na nufi ƙofa. Ban yi nisa ba masu tsaro suka riƙe ni, wani ya murɗe mini hannu, aka ce ɓarawo. Mai turaren nan ya zo da sauri ya ce a sake ni, ya san ni. Ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce Allah ya huci zuciyata. Ya ce in dubi girman baƙi, kada in kunyata mutanen ƙauyen nan a ranar farin cikinsu, da an watse ƙauyenmu motar za ta nufa. Na ce masa uwata na da huka, an fara sussuka. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tambaye ni ko na ci abinci.

Da aka fito da ni na hangi wani tsoho a bakin rumfa, 'ya'yansa sun kawo shi a kan amalanke. Ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa a kunne, irin zaman Inna sak. Yana kallon ƙofar asibitin yana murmushi. Ban san lokacin da na ɗaga murya na ce wa jama'a kada su ba da aro ba, ko wa ya roƙa, ko ya kwanta a ƙasa. Wasu suka ce mahaukaci ne, wasu suka ce 'yan adawa ne suka turo ni. Aka raka ni har wurin babur. Dole na kama hanya tun rana na sama.

Motar ba ta zo ba. Na je wani ofis a cikin gari inda aka ce su ke kula da shirin. Wanda na samu ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce abin da ya sani asibitinmu na cikin waɗanda aka kammala aka buɗe, da kayansa cif. Ya ciro waya ya nuna mini hoton ranar. Ga injin, ga mai babbar riga da almakashi, ga ni can gefe baki buɗe ina tafi. Ya ce, wannan ba kai ba ne? Na ce ni ne. Ya ce za a duba.

Ranar da abin ya faru mata na sussuka a bayan gidanmu. Mun hana Inna fita, mun toshe tagarta da tsumma, amma iska ta juya wajen la'asar ta shigo da ƙaiƙayi har ɗaki. Kafin a kira ni daga gona ta fara shewa. Na goya ta zuwa asibiti. Malama ta shimfiɗa mata tabarma a ƙasa tunda ba gado, ta yi mata allura, ta ƙara wata. Ga wuta a bango, sola na aiki, fitila na ci, ba abin da za a jona. Na bi duk mai mota a ƙauyen nan, na roƙa, na yi kuka gaban ƙannena. Ba wanda ya yarda ya hau hanya a wannan lokacin, kuma ban riƙe su a zuciya ba, su ma suna da 'ya'ya.

Gari na wayewa muka ɗora ta a mota, ni da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce aminiyar Inna tun suna amare. Inna na kwance a cinyar Gwaggo. Numfashin ya yi ƙasa har shewar ba ta fita sosai. Can ta buɗe ido ta neme ni, na kai kunnena.

"Ba su maido ba?"

Gwaggo ce ta amsa, ta ce suna hanya. Inna ta ɗan gyaɗa kai, irin na wadda ta san dama haka za a yi. Mun fara hango gidajen Mafara Gwaggo ta ce wa direba ya rage gudu, ba sauran gaggawa.

A hanya ta rasu.

A zaman makoki na ga abin da ya ƙara ƙona mini rai, ko da yake alheri ne. A wurinmu ba a kwana da kayan mamaci, duk mai riƙe da wani abu nasa sai ya kawo kafin a raba gado. Mata suka riƙa shigowa da ƙunshi a cikin zane. Wannan ta ajiye tasa, waccan ta ajiye kwanoni, wata ta kawo faranti tana ba da haƙurin ta daɗe da shi. Wata tsohuwa ta taso tun daga Ruwan Gizo da murfin samira guda, ta ce ya bi 'yarta cikin kaya bisa kuskure shekarun baya, ba ta samu sukuni ba sai yau. Gwaggo na zaune tana kifa kowanne tana duba gindi. Matan da ba su san ƙofar ofis ba, waɗanda ba a taɓa kafa musu rumfa ba, sun dawo da komai har murfi. Abu ɗaya ne mai alamar Inna bai dawo ba.

Bayan an share makoki da 'yan makonni, sai ga a-kori-kura. Wai wasu manyan baƙi za su zo daga sama su ga yadda shirin ke tafiya, kuma ƙauyenmu na cikin inda za su tsaya. Aka sauke gadaje, aka jona firji, aka tura injin kusurwarsa, aka sake yi wa duwatsu wanka. Mai turare na tsaye yana nuna inda za a sa kowane abu. Ya ce ana bukatar wanda zai kwanta a sa masa robar don baƙi su gani. Ya waiga ya tambayi malama ina tsohuwar nan mai jan farce, a kira ta, ta dace da hoto.

Malama ta gaya masa. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, sannan bai ko haɗiye miyau ba ya ce to a samo wata. Maza huɗu ne suka riƙe ni ranar, kuma na gode musu, don da yanzu daga gidan yari nake wannan rubutu.

Baƙi suka zo washegari, suka leƙa, suka gyaɗa kai, suka tafi. Kashegarinsa da hantsi motar ta dawo kwasar kaya. Sai dai ta tarar an riga ta. Matan unguwa sun shimfiɗa tabarmi tun daga bakin ƙofar asibiti har hanya, wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na tsifar kai, ba wurin sa ƙafa. Gwaggo na zaune a kan dokin ƙofa. Ban san da shirin ba, ba su gaya wa namiji ko ɗaya ba.

Mutumin ya cire takalmi, ya durƙusa, ya fara jero gaisuwarsa. Gwaggo ta amsa masa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Ya kawo zancen wani ƙauye da za su yi baƙi. Ta ce a turo injin, a karkata shi. Ta nuna da yatsa.

"Alamar wa ta wagga?"

Ya ce ta marigayiya ce.

"To mai ita ta rasu. Kayan mamaci ba a ba da su aro sai an raba gado, mu kuwa ba mu raba ba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce Gwaggo, wannan ai kayan gwamnati ne. Ta ce to gwamnati ta zo ta kifa shi ta nuna tata alamar. Ya juya wurin mai gari. Mai gari ya ƙura wa ƙasa ido ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata, balle sha'anin gado. Liman na wurin, ya shafa gemu, ya kau da kai. Mutumin ya ce to a bar injin, a ba shi sauran. Aka kifa ma'aunin jarirai, sai ga ɗigo biyu a jere, ɗaya a ƙarƙashi, jan bai gama bushewa ba. Haka ƙafar kowane gado, haka bayan firji. Matan sun ƙarar da kwalbar jan farcen Inna kaf.

Ya yi barazana, ya yi waya, ya ambaci manya. Mata suka ci gaba da ɓarar gyaɗa. Da rana ta take ya sa takalminsa, motar ta juya ba komai a bayanta. Ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mutane sun yi ta murna, ana ba da labarin a kasuwa ana dariya. Ni ban iya dariyar ba. Na san abin da muka riƙe wani ƙauye ne ya rasa, su ma an yanka musu ƙyalle, su ma sun yi tafi. Tsohon nan na kan amalanke yakan faɗo mini a rai, ban kuma san yadda ya ƙare ba. An bar talakawa suna fizgar numfashi daga ƙirjin juna, waɗanda suka haɗa abin kuwa ban ji an tambayi ko ɗayansu ba.

Tasoshin Inna an raba su tuni, matata ta sami rabona, kuma ana zuwa aro, muna bayarwa. Injin kuwa yana nan a kusurwarsa, in an tambaya Gwaggo takan ce har yanzu ba a gama rabon gado ba. Hanyar gonata ta bakin asibitin ta bi. Wani lokaci in na zo wucewa nakan ji ƙararsa ta taga, a hankali, yana aikinsa ba ya faɗa da kowa, wani na ciki yana samun numfashi. Ban taɓa shiga ba tun ranar. Malama ta ce mini injin bai taɓa ko tari ba, lafiyarsa lau. Ranar da na goyo Inna ma lafiyarsa lau, yana can wani ƙauye an ɗaura masa ƙyalle, ana jiran baƙi.